Kafin Fada Ya Iso: Aikin Katekis a Karkarar Kano

A tsarin Ɗarikar Katolika, ƙasar Tsanyawa tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa, ya kuma zama cikakken dayosis a 1999. Bishop John Namaza Niyiring ke riƙe da shi tun 2008, kujerarsa tana majami'ar Our Lady of Fatima a birnin Kano. Da an tsallaka iyaka zuwa Katsina kuwa, an shiga hannun Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, Bahaushe na farko da ya hau wannan muƙami, bayan an yanko dayosis ɗinsa daga na Sakkwato a 2023.

Wannan lissafin manya ke nan. A ƙauyukan Hausawa Kirista, waɗanda akasarinsu jikokin Maguzawa ne, wanda jama'a suka sani shi ne katekis.

Fada ɗaya yakan riƙe ƙananan majami'u da dama a warwatse, don haka ba kowace Lahadi ake ganinsa ba, balle da damina in hanya ta lalace. Katekis ne ke tara jama'a, ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya yi wa'azi. Yawanci shi ma manomi ne, ya san kuɗin buhun taki, ya san gidan da gero ya ƙare tun kafin kaka. Saboda haka in ya kawo misalin mai shuka, ba ya bukatar dogon bayani. Wata cibiya da ke Malumfashi ta daɗe tana horar da irinsu, kuma a 2021 Fafaroma Francis ya mayar da aikin muƙami tabbatacce a Cocin.

Wajen rashin lafiya ne ake ganin nauyin da ke kansa, da kuma iyakarsa. Shafa wa majinyaci tsarkakakken mai, da sauraron furta zunubi, aikin Fada ne shi kaɗai. Amma tun 1973 Fadar Vatican ta faɗaɗa izinin da ake ba wasu amintattun mabiya su kai Jibin Ubangiji ga wanda ciwo ya kwantar. Akan sa gurasar a ɗan ƙaramin gwangwani mai murfi, a rataya a ƙirji. In an isa, a shimfiɗa farin ƙyalle, a kunna kyandir, a yi addu'a gajeriya don kada a gajiyar da mai jinya. Idan jariri na bakin mutuwa, katekis na iya yi masa baftisma nan take. Shi ne kuma zai duba ya ce lokacin kiran Fada ya yi, ko ya matsa wa maigida a nemi babur a tafi asibiti. Wannan shawara ta biyu sau da yawa ta fi wuyar karɓuwa, don kuɗi take ci.

Ba shi kaɗai ke wannan hidima ba. 'Yan Zumuntar Mata sukan zo da kunu da sabulu, su share ɗaki, su yi wanki. Gaisuwar tasu ba ta bambanta da ta maƙwabta Musulmi ba: yaya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi. Dubiya al'adar gari ce tun kafin zuwan mishan. Cocin ya yi mata tsari ne, har da ranar majinyata ta duniya, 11 ga Fabrairu, da Fafaroma John Paul na Biyu ya kafa a 1992.

Rashin tsaro ya ƙara wa katekis kaya. A watan Mayun 2021 'yan bindiga sun kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, a Mayun 2022 kuma aka sace Fada biyu a Gidan Maikambo, ƙaramar hukumar Kafur. Kiran dare da Fada kan amsa a da, yanzu a wurare da yawa sai gari ya waye, katekis ne ke kwana a gefen tabarmar majinyaci.