Jita-jitar “may” da “might” a bakin ’yan kwalejin Filinge

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Daga nan Ingilishi ya wuce darasin da yaro zai haddace don jarrabawar BEPC ya manta. Kurfayawan yankin Filinge ma ba baƙinsa ba ne, ’yan ci-rani sun daɗe suna karo da shi a Najeriya da Gana, kuma ga shi a jikin kwalin magani da buhun kaya a kasuwar Filinge. Sai dai yaro a nan yana fara shi ne a ajin farko na kwaleji, bayan ya shafe shekara shida yana fama da Faransanci. Ta wannan ƙofar yawancin jita-jitar ke shigowa game da kalmomi huɗu masu nuna yiwuwar abu: “may”, “might”, “could” da “can”.

Wadda ta fi yawo ita ce wai “might” na abin da ya wuce ne kawai. Akwai ɗan gaskiya a gindinta. Asalinta sigar da ta wuce ce ta “may”, kuma har yau idan ana ba da labarin maganar wani haka take aiki: “He said he might come”, ya ce wataƙila zai zo. Amma Bature yana cewa “It might rain tomorrow” hankalinsa kwance, yana nufin ƙila a yi ruwa gobe. Mai son nuna shakku kan abin da ya riga ya faru sai ya ƙara “have”: “She might have gone to Abala”, mai yiwuwa ta tafi Abala. Haka “could”, ita ma tana kallon gobe kamar yadda take kallon jiya.

Akwai kuma lissafin da yara ke kwafa daga littafin juna, wai “may” kashi 50 ce cikin ɗari, “might” kashi 30. Babu wata doka irin wannan. Abin da ke akwai shi ne “might” takan ɗan fi nuna ja da baya, kuma a bakin mutane da yawa kusan ɗaya suke. Mu ma ba mu auna “ƙila” da “wataƙila” a sikeli ba.

Wadda ta fi cin maki a jarrabawa, kuma ta fi cancanta a tsaya a kanta, ita ce zaton “can” tana shiga ko’ina. Laifin kalmar “pouvoir” ne, domin ita kaɗai a Faransanci tana ɗauke da iyawa da izini da yiwuwa. Yaro ya ga hadari ya taso daga gabas, sai ya rubuta “It can rain today”. Kunnen mai Ingilishi ba ya karɓar wannan, “may” ko “might” ko “could” yake jira. Aikin “can” shi ne abin da aka san yakan faru: “It can be very hot in Filingué in April”, akan yi zafi ƙwarai a Filinge a watan Afrilu. Ga mamaki, Hausa ta fi Faransanci taimako a nan. Bahaushe ba ya haɗa “akan yi ruwa” da “ƙila a yi ruwa”. Na farko hali ne sananne, na biyu hasashe ne kan yau ko gobe. Da malamai za su riƙa kawo wannan misali a aji, da yara sun huta da rabin wahalarsu. Ina ganin babbar asara ce a bar harshen da yaro ya sha a nono a bakin ƙofa, a ce sai ta harshe na biyu zai koyi na uku.

Sai wadda ke iya jawo ɓarna ko a wajen aji, wai “may not” da “cannot” duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. “He may not be in Toukounous” na nufin wataƙila ba ya Tukunus, mai maganar bai tabbata ba. “He cannot be in Toukounous” kuwa rantsuwa ce ta rage, ba zai yiwu a ce yana can ba, ƙila ma yanzu aka rabu da shi a tasha. Inda “may not” ke zama hani shi ne inda ake maganar izini, kamar a rubuta “You may not enter” a ƙofar ofis. Wurin da aka faɗi maganar shi ke raba gardama.

Fahimtar ma’anar “may” ta shafi lafiya ma. Kwalin maganin mura da aka shigo da shi daga Najeriya ko Indiya yakan ɗauki gargaɗin “may cause drowsiness”. Ɗalibin da aka kira ya karanta wa mahaifinsa, in ya ce “Baba, wai zai sa ka barci”, ya ƙara gishiri. In ya ce ba komai, ya rage. Abin da aka rubuta shi ne yana iya sa gyangyaɗi, wani ya same shi, wani bai same shi ba. Direba ko mai kabu-kabu da zai kama hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 180, yana bukatar a faɗa masa daidai.

Akwai abubuwan da ake faɗa waɗanda gaskiya ne tsantsa. Waɗannan kalmomi ba sa ɗaukar “s” ko da mutum ɗaya ake magana a kansa, “she may” ake cewa. “To” ba ta biyo su, kuma ba sa neman “do” wajen tambaya ko korewa. Gaskiya ne kuma ba a cika tambayar yiwuwa da “may” ba. Wanda ya ce “May I come in?” izini yake nema, mai tambayar ruwan sama kuwa “Could it rain tonight?” zai ce. “Maybe” a haɗe wataƙila ce da ake jefawa a farkon jimla, “may be” a rabe kuma aikatau ne da ke zuwa bayan mai aikin, kamar a “The teacher may be late”.