Ko Ka San Me Ke Kayar da Babur Yana Tsaye?

Wata Juma'a liman ya riga ya hau mumbari, sai ga wani dattijo ya iso a gaggauce. Ya cusa babur ɗinsa cikin jerin babura a bakin masallaci, ya taka ƙafar ƙarfen nan ta gefe, ya sauka. Bai yi taku uku ba babur ya ɗan gangara gaba, ƙafar ta naɗe, ya kwanta a kan na kusa da shi. Wancan ya ture na gaba, kafin ka ce kwabo babura biyar suna ƙasa, madubai sun fashe, fetur na tsiyaya. Mutane suna ta "sannu Baba", shi kuwa kunya ta sa ya sunkuya da sauri zai ɗaga nasa shi kaɗai, tafin hannunsa ya sauka a kan salansa. Faɗuwar babur ba ta yi masa komai ba. Gaggawar rufe kunya ce ta ƙone shi, kuma har yau abin yana damuna, domin duk abin da ya faru a wurin ana iya kauce masa.

Babur kamar Boxer na kamfanin Bajaj, wanda ya cika titunanmu, nauyinsa ya haura kilo 100, wato ya fi buhun shinkafa biyu. Manyan baburan tafiya mai nisa irin su Gold Wing na Honda sun wuce kilo 350, har sai da kamfanin ya sa musu giyar baya tun daga 1988, saboda mutum ba ya iya ja da su baya da ƙarfin ƙafa. Duk wannan nauyi, idan an kafe babur, a kan wurare uku yake zaune kamar tukunya a kan duwatsun murhu: tayar gaba, tayar baya, da ƙafar gefe. Muddin tsakiyar nauyin tana tsakanin ukun nan, babur zai kwana a tsaye. Da zarar ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

Abin da mahaya da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙafar nan baya take naɗewa, kuma da gangan aka yi ta haka. An ƙera ta ne yadda idan mutum ya manta ya tashi da ita a sauke, ta taɓa ƙasa, za ta koma sama da kanta. A Amurka ma doka ce ta wajabta wa kamfanoni hakan. To amma wannan dabara tana da nata sharri. Babur da aka kafe yana kallon gangara, ko da gangarar ba ta kai ido ya gane ta ba, ya isa ya matsa gaba taƙi ɗaya ƙafar ta naɗe. Abin da ya sami dattijon nan ke nan. Kamfanin Harley-Davidson ya magance wannan da ƙafa mai shiga wani gurbi ta kulle da zarar nauyin babur ya sauka a kanta, amma baburan da muke hawa ba su da irin ta.

Maganin kyauta ne. Ka juya kan babur ya kalli tudu, ka bar shi a giya ɗaya. Mota tana da birkin hannu, mafi yawan babura kuwa ba su da shi, giya ce kaɗai ke riƙe tayar baya idan inji na kashe. Mu kuma mun saba barin babur a firi don mu zo mu buga kawai mu wuce. A shimfiɗaɗɗen fili babu laifi, amma a bakin kwalbati ko gangaren ƙofar gida, wannan sabo shi ke fasa madubi. Bayan ka sa giya, ka ɗan tura babur gaba har ka ji ya cije, sannan ka jingina shi, ka karya kansa zuwa hagu. Babur marar canjin giya kuwa babu abin da ke riƙe tayarsa, sai a nema masa wuri daidai ko a tokare shi da dutse.

Sai ƙasar da aka kafe shi a kai. Tafin ƙafar gefe bai fi faɗin akwatin ashana ba, kuma kaso mai yawa na nauyi a kansa yake taruwa. A kan rairayi ko taɓon damina, a hankali yake nutsewa, babur yana ƙara karkata, mai shi yana can cikin kasuwa. Shi ya sa mutum zai rantse ya bar babur ɗinsa lafiya, ya dawo ya same shi kwance, ya hau zargin yaran unguwa. Kwalta ma ba abin yarda ba ce a bazara. A watan Afrilu zafin iska a Sakkwato da Maiduguri yana wuce digiri 40, fuskar titi kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, har kwaltar ta yi laushi ƙarfe ya huda ta. Mahaya a Turai suna yawo da ɗan faifan roba a aljihu saboda wannan. Gutsuren katako, faffaɗan dutse ko gwangwanin da aka take ya baje, duk suna yin aikin.

Akwai masu ganin ƙafar tsakiya, mai ɗaga tayar baya sama, ta fi aminci. Ni ban yarda ba, sai a kan daɓen siminti. Ƙafafunta biyu suna kusa da juna, murhun ya tsuke, ɗaya ta nutse kaɗan sai babur ya tafi gaba ɗaya. Amfaninta na gaskiya shi ne gyara, kamar cire taya ko sa wa sarƙa mai.

Me ya sa kullum a hagu ƙafar gefe take? Ana danganta hakan da hawan doki, wanda ta hagu ake yi tun da daɗewa. A wajenmu tsarin ya yi daidai, domin salansar yawancin ƙananan babura a dama take. Wanda ya sauka ta hagu ya tsira daga tabon nan da ake gani a ƙwaurin yara da mata. Salansa ba ta hucewa da kashe inji, tana ɗaukar mintuna masu yawa da zafin da zai saluɓe fata. Duk mai kafe babur a soro ko tsakar gida inda yara ke rarrafe, ya juya ɓangaren salansar ga bango.

Mantuwa ma tana da nata rabon. Wani zai ɗaure taya da sarƙa da kwaɗo, ya dawo ya buga babur ya ja, ya kife nan take. Wani babbar rigarsa ce za ta maƙale a kariya yana sauka. Mafi haɗari a cikinsu shi ne tashi da ƙafar gefe a sauke. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji komai ba, sai ka zo kwanar hagu ƙarfen ya daki titi. Idan ƙafar ta yi tsatsa ko ta lanƙwashe ba lallai ta naɗe ba, sai ta ɗaga babur ta watsar da mahayi. Wannan ya wuce abin kunya, yana kai mutum asibiti. Sababbin babura da yawa suna da wani ɗan makunni da ke kashe inji idan an sa giya ƙafar na ƙasa, kuma kuskure ne babba bakanike ya haɗe wayoyinsa saboda makunnin ya fara damun mai babur. A wanke shi ko a sake sabo. Idan kuma ka ga wani yana tafiya ƙafar a sauke, ka yi masa hon ka nuna masa, ko ba ka san shi ba.

Idan babur ya riga ya faɗi, ka manta da idon jama'a. Ka kashe inji, ka rufe fetur, ka sa giya don kada taya ta gudu. In ta dama ya faɗi, ka sauke ƙafar gefe tun yana ƙasa, don kada ka ɗaga shi ya zarce ta ɗaya ɓangaren. Ka juya masa baya, ka durƙusa ka jingina ƙugunka da kujera, hannu ɗaya a kai, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da ƙarfin cinya kana ja da baya kaɗan-kaɗan. Ɗagawa da sunkuyo ita ke jawo ciwon baya na shekaru. In kuwa akwai mutane a kusa, ka ce "ɗan'uwa, kama mini", babu wanda zai ƙi.