Ina Iyakar Fagen Mai Tsaron Gida?

A wasanni da dama da ƙungiya biyu ke karawa a kan ƙwallo, akwai ɗan wasa guda da aikinsa ya fi na kowa wuyar aunawa, wato wanda aka ajiye a ƙarshen fage domin ya tare abin da ya kuɓuce wa sauran. A ƙwallon ƙafa shi ne mai tsaron gida, wanda 'yan kallo suka fi sani da gola, a besbol kuwa, wasan da ya yi ƙarfi a Amurka da Japan da Kuba, shi ne mai cafiya, ɗan wasan da ke tsugune a bayan mai bugu yana karɓar jifa. Besbol ba wasan da aka saba gani ba ne a Yamai, amma gardamar da samarin Banifandu ke yi a fada bayan an tashi daga wasa, ana shan shayi ana musun ko golan unguwa gwani ne ko kuwa 'yan baya ne suke rufa masa asiri, ita ce ainihin gardamar da masana alƙaluman besbol suka shafe shekaru suna yi a kan mai cafiya.

A besbol kowace ƙungiya tana ƙoƙarin fitar da masu bugun abokiyar karawarta sau 27 a cikin zagaye tara, ko dai ta hanyar cafe ƙwallon da aka buga kafin ta taɓa ƙasa, ko ta riga mai gudu isa wurin tsayawarsa da ƙwallo, ko kuma mai jifa ya kayar da mai bugu sau uku. Tun ƙarni na 19, zamanin da ɗan jarida Henry Chadwick ya daidaita yadda ake rubuta sakamakon wasa, ma'aunin da aka daɗe ana dogara da shi wajen masu tsaron fage shi ne yawan kuskure, wato sau nawa ƙwallo ta zo hannun mutum ya sake ta. Illar wannan ma'auni a fili take: wanda ya tsaya wuri ɗaya bai bi ƙwallo ba, ba za a taɓa rubuta masa kuskure ba, shi kuwa mai zafin nama da ya yi tsalle har yatsunsa suka taɓa ta amma ta faɗi, shi ne mai laifi a takarda. A shekarun 1970 Bill James, wanda a lokacin mai gadin dare ne a wata masana'antar abincin gwangwani a jihar Kansas, ya kawo gyara da abin da za a iya kira ma'aunin faɗin fage. A haɗa yawan masu bugun da ɗan wasa ya fitar da hannunsa da waɗanda ya taimaka aka fitar, sannan a raba da yawan wasannin da ya buga. Hujjarsa ita ce, wanda ya fi kaiwa ga ƙwallo ya fi amfani, ko da yana sakin wasu.

Wannan lissafi ya yi aiki gwargwado ga masu tsaron tsakiyar fage, amma da aka ɗora shi a kan mai cafiya sai ya rushe, kuma dalilin yana cikin dokar rubuta sakamako. Duk lokacin da mai jifa ya kayar da mai bugu sau uku, mai cafiya ake rubuta wa fitarwar, domin a hannunsa ƙwallon ƙarshe ta sauka, alhali ko taku ɗaya bai yi ba. Saboda haka mafi yawan abin da ke cikin adadinsa aikin masu jifa ne. A shekarun 1970 ƙungiya a babbar gasar Amurka takan rasa masu bugu kimanin 5 ta wannan hanya a kowane wasa, zuwa 2019 kuwa adadin ya haura 8, kuma a 2018, karo na farko a tarihin gasar, irin wannan fitarwa ta fi bugun da ya yi nasara yawa. Wanda ya karanta ma'aunin faɗin fage ba tare da sanin wannan ba zai ɗauka masu cafiyar yau sun fi na da yawo a fage nesa ba kusa ba, alhali jifar ce ta canja.

Sai da aka daina ƙirga sakamako aka koma duban aikin kansa kafin a fara gane mai cafiya. Zuwa 2008 an kafa kyamarorin bin sawun jifa a dukan filayen babbar gasar, kuma a 2011 wani manazarci, Mike Fast, ya nuna da alƙaluma cewa wasu masu cafiya, José Molina na kan gaba a cikinsu, suna da salon karɓar ƙwallo da ke sa alƙalin wasa ya ƙirga jifar gefe a matsayin mai kyau, amfanin da babu inda tsohon lissafi ya taɓa nuna shi. Tun 2015 kuma tsarin Statcast yana auna har lokacin da mai cafiya ke ɗauka kafin jifarsa ta kai wurin tsayawa na biyu domin riga mai gudu, tazarar kusan mita 39, wanda yawanci kusan daƙiƙa biyu ne.

Alƙaluman da aka saba yi wa gola hukunci da su suna da wannan lahani sak. Yawan ƙwallon da ya tare yakan nuna raunin 'yan baya fiye da ƙwarewarsa, tunda wanda ake yi wa ruwan ƙwallo shi ne zai tara adadi. Yawan wanda aka ci shi, da yawan wasannin da ya tashi ba a zura masa ba, aikin mutum goma sha ɗaya ne da aka rubuta da sunan mutum ɗaya. Tarihin Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, ya isa misali. A wasannin neman gurbin kofin Afirka na 2012, ƙarƙashin mai horarwa Harouna Doula, Mena ta ci dukan wasanninta uku na gida a filin Janar Seyni Kountché, ta doke Masar da ci 1-0, Saliyo da 3-1, Afirka ta Kudu da 2-1, sannan ta sha kashi a dukan ukun da ta buga a waje. Ƙwallo 2 kacal aka zura mata a Yamai, a waje kuwa 6. Ba za a ce tsaron raga yana gyaruwa a gida ya lalace a hanya ba. Zafin Yamai, da goyon bayan jama'a, da yadda ƙungiya ke riƙe ƙwallo a gaban mutanenta, duk sun shige cikin adadin da ake jingina wa mutum guda.

Gasar 2013 a Afirka ta Kudu, lokacin mai horarwa Gernot Rohr, ta fi fito da matsalar. A wasan farko da Mali, Mena ta riƙe canjaras har kusan tashi, kafin Seydou Keita ya ci ƙwallo ɗaya tilo bayan da wata ƙwallon da aka kwaso daga gefe ta kuɓuce wa mai tsaron gida Kassaly Daouda. Kwanaki kaɗan bayan haka, a Port Elizabeth, shi wannan golan ne ya tsaya har aka tashi 0-0 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda shi ne maki na farko da Nijar ta taɓa samu a gasar. Ƙwallon da Mali ta ci ta zama abin da ake gani a takarda, kuma ba a musun cewa kuskure ne. Sai dai adalci yana buƙatar wata tambaya da takardar ba ta amsawa: sau nawa gola ya fito ya cafe irin wannan ƙwallo a sama, ya kashe hari tun bai zama hari ba? Golan da ke maƙale a kan layi ba zai taɓa sakin ƙwallon gefe ba, domin ba ya fita gare ta, kuma in an ci shi da ka daga kusa sai a ɗora wa 'yan baya. Tsohuwar illar ƙirga kuskure ce ta zamanin Chadwick, ta dawo a wani wasan.

Kamfanonin tattara bayanai irin Opta, wanda aka kafa a 1996, sun magance rabin matsalar da ma'aunin da ake kira ƙwallon da ake sa ran ci. Ana duba dubban bugun da aka yi a baya daga wuri ɗaya da yanayi ɗaya, a ga kashi nawa ne suka shiga, sai a ba kowane bugu daraja tsakanin 0 da 1. Fanareti, wadda ake bugawa daga mita 11, darajarta ta ɗan haura 0.75. Ga gola ana ƙara duban inda ƙwallon ta nufa a cikin ragar, mai faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44, sannan a kwatanta abin da ya kamata a ci shi da abin da aka ci shi. Wannan ya raba gwanin tara da wanda ya yi dace da 'yan baya. Amma bai taɓa batun faɗin fage ba, domin sai an buga ƙwallo zuwa raga yake fara ƙirga. Tun da aka hana gola kama ƙwallon da abokinsa ya mayar masa da ƙafa a 1992, fagensa yake ta faɗaɗa, kuma wasan da gola Manuel Neuer ya yi da Aljeriya a kofin duniya na 2014, inda ya riƙa fita wajen da'irarsa yana share dogayen ƙwallaye kafin 'yan gaba su kai gare su, ya nuna cewa mafi girman aikin gola yana iya zama wanda ba a ƙirga shi a matsayin tara ko sau ɗaya.

Abin da ya dace da filayen unguwa irin na Banifandu bai kai ga kyamara ba, kuma rashin na'ura ba hujja ba ce ta barin aunawa, ganin cewa Charles Reep da fensir da littafin rubutu ya fara ƙirga motsin ƙwallo a Ingila a 1950. Mai horar da yara, ko wani daga cikin 'yan fada da aka amince da idonsa, yana iya zana da'irar gola a takarda ya raba ta gida shida, sannan ya sa alama a duk inda ƙwallon gefe ko ta kusurwa ko doguwar ƙwallo ta sauka, ya rubuta ko golan ya fito, in ya fito ko ya kama ko ya nausa ko ya rasa, in bai fito ba kuma me ya biyo baya. Ƙirga abin da bai fita gare shi ba shi ne jigon aikin, domin shi ne abin da ido ke mantawa da zarar an tashi. Wasa ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, sai an tara na gasar dogon hutu gaba ɗaya, kuma dole a rubuta filin da aka yi kowane wasa, saboda yashi yana cinye gudun ƙwallo ya ba gola lokacin fitowa, busasshiyar ƙasa mai tsakuwa kuwa tana sa ta tsalle ta inda ba a zata ba, ga ƙurar hunturu da ke dusashe ƙwallon sama. A filin da ba a shata layi ba, mai rubutun zai fara ne da auna mita 16.5 daga layin raga ya kafa alama a gefe kafin a busa usur, in ba haka ba zanen takardarsa da ƙasar da golan ke takawa ba za su zama abu ɗaya ba.