2.2 Rayuwar James Forbes da Ayyukansa a Ƙasar Indiya

Kafin a shiga nazarin zane-zanen James Forbes, ya dace a san ko wane ne shi, domin matsayinsa a ƙarƙashin mulkin mallaka ya yi tasiri a kan abin da ya gani da kuma yadda ya bayyana shi.

An haifi Forbes a birnin Landan a shekarar 1749. Yana ɗan shekara 16, wato a 1765, ya tafi Bombai a matsayin akawun Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin Turawan Ingila wanda ya soma da ciniki, daga baya ya rikiɗe ya zama mai mulki. A shekarar 1780 aka ɗora shi a kan garin Dabhoi da ke yankin Gujarat, inda yake kula da haraji da shari'a. Wannan aiki shi ya ba shi damar cuɗanya da manoma da masaƙa da malaman addinin Hindu.

Duk inda Forbes ya sa ƙafa, sai ya zana abin da ya gani, ya kuma rubuta bayaninsa, kama daga tsuntsaye da ƙwari da tsirrai, har zuwa tufafi da sana'o'i da bukukuwa da wuraren bauta. Misali, ya bayyana wata ƙatuwar bishiya dangin ceɗiya da ake kira Kabirvad, a kogin Narmada, wadda ya ce kewayenta ya kai ƙafa kusan 2,000.  Lokacin da ya bar Indiya a 1784, ya tara shafi kimanin 52,000 a cikin kundi 150. Daga cikinsu ne ya tsamo littafinsa Oriental Memoirs, mai juzu'i huɗu, wanda aka buga tsakanin 1813 da 1815. Ya rasu a garin Aachen, a ƙasar Jamus ta yanzu, a shekarar 1819.

Sai dai kuma akwai abin lura. Forbes ya ƙaunaci ƙasar, ya kuma yaba wa gine-ginenta, amma a 1810 ya buga wani ɗan littafi yana goyon bayan a mayar da mabiya addinin Hindu Kiristoci. Wannan ya nuna bai ɗauki al'adun da ya zana a matsayin daidai da nasa ba. Bisa ga haka, ana iya dogara da zanensa wajen sanin siffar tsuntsu ko gini ko sutura, amma hukuncinsa a kan addini da ɗabi'un mutane yana bukatar a auna shi da abin da Indiyawa suka faɗa da bakinsu. A kan wannan ma'auni ne sashe na gaba zai dubi zane-zanen nasa.