Burtali da Rabon Ƙasa a Safo

Tsara ƙasa, wato ware wa noma da kiwo da gine-gine wurarensu tun kafin buƙatu su ci karo, abu ne da ake gani da ido a Safo, kwamin da ke gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, a ɗaya daga cikin yankunan da suka fi cunkoson manoma a Nijar. Ƙasar iri biyu ce: akwai jigawa, tudun rairayi inda ake shuka hatsi da wake da gyaɗa da damina, akwai kuma fadamar Gulbin Maraɗi, inda laka da kusancin ruwa suke ba da damar noman rani. Abin da ya ratsa su duka shi ne burtali, hanyar da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki don su kai makiyaya da mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba, kuma faɗinsa ko ƙuncinsa shi ne ma'aunin halin da gari yake ciki.

A takarda, burtali yana da gata. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira kofo, waɗanda daga baya suka sauko har matakin kwamin da ƙauye, inda maigari da wakilan manoma da makiyaya da mata suke shaida ciniki, suna shata iyaka, a wasu wuraren har da kafa turakun siminti. Dokar kiwo ta 2010 kuwa ta ƙara tabbatar da cewa hanyoyin dabbobi ba na kowa ba ne balle a nome su. Ba banza aka yi waɗannan dokoki ba, don jihar Maraɗi ba ta manta da rikicin manoma da makiyaya na Toda na 1991 ba, wanda aka yi asarar rayuka fiye da 100 a cikinsa.

Baƙon da ya zo Safo da tambaya a kan burtali, da zarar ya sha ruwa a zauren maigari, sai a haɗa shi da dattawan ɓangarorin biyu, manoma da makiyaya, kuma a nan ne maganar take yin nauyi. Kukan makiyayi ba a kan ƙwace na rana ɗaya yake ba. Abin da yake bayyanawa shi ne kowace damina mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, mai ta hagu ma ya ƙara tasa, har hanyar da garke yake bi a sake ta koma inda sai an jera shanu ana tsare su da sanda, ɗan abin da ya rage kuma garmani ya mamaye shi, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba kuma take kashe wadda ake ci. Manomi ba ya musun wannan, sai dai yana nuna gonar gandun da kakansa ya noma shi kaɗai, wadda gado ya yayyanka ta tsakanin jikoki har rabon mutum ba ya cika rumbu, yana mai cewa wanda hatsinsa ke ƙarewa kafin bazara da wuya ya ga turken siminti ya ji kunyarsa. Duk wanda ya saurare su zai ga cewa babu azzalumi a cikinsu. Ƙasa ce ta yi kaɗan, kuma ƙuncin ya fara cin marasa murya, domin kafin a taɓa burtali sau da yawa an riga an karɓe gamana, wato 'yar gonar da maigida yake ba matarsa ta noma don kanta.

Fadamar ma ba yadda aka san ta take ba, tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, gulbin ya rage malalar da take sabunta laka, garake kuma suka matso bakin ruwa da shingayensu, suka toshe wasu mashaya.

Inda ake samun sauƙi shi ne a gonakin da aka rungumi sassaben zamani, dabarar barin tohon itatuwa ana yi musu aski maimakon a sare su, wadda ta bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980. Gawo, da yake yana zubar da ganye da damina ya kuma yi 'ya'ya da rani, yana ba manomi taki ya ba makiyayi abincin dabba a fili guda. Sai dai garke ba ya isa gindinsa sai hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki bayan kaka, kuma a makonnin da ke gabanin wannan rana, lokacin da dabbobi suka riga suka gangaro daga arewa alhali wake yana gona, kofon ƙauye ya fi karɓar ƙara.