Gwajin Kutse: Dubarun Tsaron Ganuwar Zamani a Ƙasar Kabi

Gwajin kutse shi ne aikin da ma'aikata ko banki ko jami'a ke ɗora wa ƙwararre, bisa rubutaccen izini, na ya yi ƙoƙarin shiga kwamfutocinta ta irin hanyoyin da ɓarawo zai bi, domin a gano ɓaraka a toshe ta tun kafin mugu ya riga kowa ganinta. Mutanen ƙasar Kabi ba baƙin wannan tunani ba ne, domin ganuwar dutse da Muhammadu Kanta ya kewaye birnin Surame da ita a ƙarni na 16 tana koyar da cewa ƙarfin katanga yana wurin da ta fi rauni, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yau abin da ake karewa ya haɗa da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da albashin ma'aikata, da kuɗin manomin shinkafa da ke ratsa na'urar POS daga kasuwannin Gwandu da Kalgo har zuwa ƙauyuka irin su Wurogauri.

Akwai mataki na gaba da ake kira aikin jar tawaga, sunan da ya samo asali daga atisayen sojojin Amurka, inda masu taka rawar abokan gaba ke ɗaukar launin ja, masu tsaron gida kuma shuɗi. Yayin da mai gwajin kutse ke lissafa duk raunin da ya gani cikin iyakar da aka shata masa, jar tawaga tana ɗaukar buri guda, kamar isa ga rumbun bayanan albashi, ta bi shi a ɓoye na tsawon makonni, domin a ga ko shuɗiyar tawaga za ta farga. Jar tawagar tana iya aika saƙon yaudara ga akawu, ko ta gwada ko mai gadi zai bar baƙo ya wuce saboda ya rataya katin shaida a wuya.

Ginshiƙin wannan sana'a shi ne rubutun umarni, wato gajeren shiri da ake rubutawa da harsunan kwamfuta irin su Python ko Bash ko PowerShell, domin na'ura ta maimaita aikin da hannu ba zai iya ba. Kowace kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa tana da mashigai masu lamba har 65,535, kuma manhajar Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, tana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya ta faɗi waɗanda ke buɗe. Daga nan mai gwaji zai rubuta 'yan layuka da za su tace sakamakon, su ware na'urorin da ke ɗauke da tsohuwar manhaja, ko na'urar rarraba intanet da har yanzu kalmar sirrinta ita ce wadda aka sayo ta da ita. Sannan ya koma ga manhajar Metasploit, wadda H. D. Moore ya ƙirƙira a 2003, ya tabbatar ko raunin na gaske ne. Muhimmancin wannan ya bayyana a watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta wani rauni a mashiga ta 445 ta durƙusar da asibitoci a Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran raunin tun watan Maris.

Kayan aikin mai gwaji da na ɓarawo iri ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne izini da amana. Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara kan kutse ba tare da izini ba, yayin da ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 suka wajabta wa bankuna yin gwajin kutse lokaci-lokaci. Dole takardar yarjejeniya ta fayyace wace na'ura za a taɓa, da wane lokaci, da wanda ke da ikon sa hannu, domin a 2019 an kama ƙwararru biyu a wata kotu a jihar Iowa ta Amurka duk da kwangilar da ke hannunsu, saboda hukumar da ta ɗauke su aiki da wadda ke iko da ginin ba su fahimci juna ba.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke Kalgo, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, suna da matasan da za su iya riƙe wannan amana. Tsarin Kali Linux, wanda ya tattara yawancin waɗannan kayan aiki, kyauta ne, kuma ɗalibi zai iya haɗa ɗakin gwaji a cikin kwamfutarsa ya yi atisaye ba tare da ya taɓa kayan kowa ba. Abin da ya rage shi ne malamai su haɗa koyar da dubara da koyar da rubuta rahoto mai tsabta da ɓoye sirrin abin da aka gani, hukumomin jihar Kebbi kuma su daina ɗaukar mai nuna musu tsaguwar katanga a matsayin maƙiyi, su ba shi takardar izini ya duba, su kuma gyara abin da ya gano.