Zaren Fatsa: Inda Yake Tsinkewa da Yadda Ake Zaɓensa

A Yawuri ko Nguru ko Doron Baga, idan masunta suka zauna hira, ba a rasa labarin kifin da ya tsere. Kusan kullum ƙarshen labarin ɗaya ne: ya ci ƙugiya, an yi ta ja-in-ja, har an hango bayansa, sai zare ya tsinke. Mai labarin zai yabi girman kifin, ya ce rabo ne bai tsaga ba. Da wuya ka ji an tambayi zaren, wata nawa ya yi yana shan rana, wane ƙulli aka yi masa, kuma daga hannun wa aka sayo shi. A ganina a nan akasarin asarar take, domin zare ne mafi arha cikin kayan su, kuma shi kaɗai ke haɗa masunci da abin da ya fito nema.

Kakanninmu da auduga da rama suka yi aiki, suna murzawa, suna shanyawa bayan kowace fita don kada ya ruɓe. Abin da ya sauya sana'ar daga Amurka ya fito. A 1935 Wallace Carothers da abokan aikinsa a kamfanin DuPont suka haɗa nailan, zuwa 1939 kuma kamfanin ya fara sayar da zaren kamun kifi mai sili ɗaya. Na farkon ya yi tauri, bai samu karɓuwa ba, sai a ƙarshen shekarun 1950 da aka fito da mai laushi. Shi ne zaren nan mai kama da roba da ya cika kasuwanninmu.

Nailan yana da hali biyu da ya kamata mai saye ya sani. Na farko, yana miƙewa. Kafin ya tsinke yakan ƙara kusan rubu'in tsawonsa, kuma wannan miƙewar ce ke shanye fizgar farko ta giwan ruwa, wadda da ta yage bakin kifin ko ta buɗe ƙugiya. Ga wanda ke riƙe zare da hannu a cikin kwalekwale, wannan rahama ce. Na biyu, yana shan ruwa, kuma rana tana cinsa. Jiƙaƙƙen nailan bai kai busasshe ƙarfi ba, hasken rana kuma yana karya shi a hankali daga ciki, ido bai gani ba. A ƙasar da rana ke duka kusan duk shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙunshin zaren da ya yi watanni rataye a bakin rumfa ya riga ya tsufa tun kafin ya ga ruwa. Nemi wanda mai kaya ya ajiye a cikin kwali. Idan ka ga zare ya dushe, ko ka murza shi ya bar maka fari-fari a yatsa, bar masa abinsa ko da ya rage kuɗi.

Akwai wasu iri biyu da suka fara shigowa, musamman wurin masu kamu da sanda mai naɗi. Ɗaya shi ne fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a 1971 da sunan Seaguar. Ba ya shan ruwa, rana ba ta cinsa kamar nailan, yana nutsewa da wuri saboda nauyinsa, kuma yana jure gugar dutse. Abin da ake tallarsa da shi shi ne kifi ba ya ganinsa sosai. Gaskiya ne a ruwa garai-garai, amma a Kogin Haɗeja ko Rima lokacin damina, inda ruwa ke yin ja da laka, tarwaɗa da gashin bakinta da ƙanshi take neman abinci. Kuɗin da ka ƙara don ɓoye mata zare bai sayo maka komai ba. Idan za a yi amfani da shi, kamu biyu ko uku a kusa da ƙugiya sun wadatar.

Ɗayan kuma kitsattsen zare ne da ake yi da siraran silin Dyneema ko Spectra. Ƙarfinsa ya ninka na nailan mai kauri ɗaya da shi, kusan ba ya miƙewa, don haka ko ɗan taɓin kifi a zurfin Tafkin Kainji kana jinsa a hannu. Amma kaifin dutse na yanke shi nan take, ƙulli na zamewa a jikinsa saboda santsi, kuma idan babban kifi ya fizga alhali ka naɗa shi a yatsa, zai shiga nama. Ban ba mai fatsar hannu shawarar ya saye shi ba.

Sai maganar lambobin da ke jikin ƙunshi. Akwai kauri, wanda ake rubutawa da milimita, akwai kuma nauyin da aka ce zaren yana ɗauka, wani lokaci da kilo, wani lokaci da ma'aunin Ingilishi mai alamar lb, wanda kowane ɗaya bai kai rabin kilo ba. Wanda ya ga 20 ya ɗauka kilo ashirin ne, abin da ke hannunsa kilo tara ne. Nailan mai kaurin 0.30 yakan ɗauki kilo biyar zuwa shida, ya ishi karfasa. Idan aka ninka kauri sau biyu, ƙarfi kusan sau huɗu yake ƙaruwa. Amma kauri ma yana da farashinsa: ruwa mai gudu ya fi jansa, ƙaramin kifi yana ƙyamarsa, kuma ƙullinsa ba ya zama da kyau.

Rubutun kwali ba shaida ba ne, musamman a kayan da babu sunan wanda ya yi su. Gwajin kuwa yana cikin gida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Yanki kamu biyu, jiƙa shi, ɗaura a hannun bokiti da irin ƙullin da kake yi wa ƙugiya, ɗaya bakin ka naɗa a sanda, ka riƙa ƙara ruwa kana ɗagawa a hankali har ya tsinke. Lura da wurin da ya tsinke. Galibi a ƙulli ne.

Nan ne nake ganin an fi sakaci. Ƙulli guda na gama-gari, irin wanda iska ke yi wa zare ba ka sani ba, yana iya raba shi da kusan rabin ƙarfinsa, saboda a lanƙwasar nan zare yana yankan kansa. Nailan kuma ba ya son zafi. Idan aka ja ƙulli a bushe da sauri, gugar tana ƙona shi, ya yi rauni daidai wurin da dukan nauyin kifi zai taru. Shi ya sa tsofaffin masunta ke sa ƙulli a baki kafin su ja. Jiƙa shi, ja shi sannu, ka tabbata naɗe-naɗen sun kwanta gefe da gefe ba su hau juna ba. Bayan kowane babban kifi kuma, bi kamu ɗaya na ƙarshe da yatsu. Ƙayar ƙurungu mai zarto ce, kututturan da ruwan madatsa ya binne suna kankarar zare, kuma inda yatsa ya ji kaushi, nan za a rabu gobe. Yanke ka sake ɗauri. Tsage kuwa, da haƙoransa, babu zaren da ke tsayawa a gabansa, sai an sa guntun waya tsakanin ƙugiya da zare.

Mai mamari, da ke shimfiɗa doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa ya bar ta ta kwana, lissafinsa daban ne. Uwar igiyar ta fi 'ya'yan ƙarfi nesa, ta yadda idan ƙugiya ɗaya ta maƙale a ƙasa, ita kaɗai za a rasa.

Jimirin nailan yana da nasa sharri. Zaren rama idan ya faɗa ruwa yana ruɓewa, na nailan kuwa yana nan shekara da shekaru. A fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka da rani, guntun da aka yar yana naɗe ƙafar tsuntsu, ya shiga farfelar injin jirgi, ya yanki yaro mai wanka ko saniyar da ta zo shan ruwa. Tsohon zare a naɗe shi a taho da shi tudu. Yana ɗinke buhu, yana ɗaure bakin tarkon gura.